Kokawa a Jega, Aliero da Maiyama: Haya Muke Ɗauka ko Malamai?

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar taki da farashinsa, to a yi mini afuwa, zan ɗage ta zuwa mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wata waya ce ta shigo mini ranar Talata da dare ta sauya mini alƙibla. Ɗan ƙanwata ne ya kira daga wani ƙauye a gefen Aliero, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Kawu, an aiko mana. Malam ya ce bana ba zai zo ba."

Wannan da yake kira Malam ba almajirai yake koyarwa ba. Ɗan kokawa ne, mutumin Jamhuriyar Nijar, daga ƙauyukan da ke tsakanin Dosso da Dogon Dutsi. Ba zan ambaci sunansa ba, don bai ba ni izini ba, kuma ko na ambata babu wanda zai san shi, domin bai taɓa riƙe takobi ba, ba a taɓa nuna shi a talabijin ba. Cin rani ya kawo shi. Shekara uku a jere, da zarar an gama yankan gero a wajensu sai ya tsallako ya kama aikin albasa a fadama, dashe da ban ruwa da cira, har zuwa lokacin da zafi ya fara tsananta ya koma gida ya gyara gonarsa. Da yamma, bayan La'asar, sai ya tara samari a wani wuri mai yashi a bayan gari ya koya musu kokawa. Babu wanda ya ɗauke shi wannan aiki, babu mai biyansa. Ya ga yara suna kama juna ne irin na ganin dama, abin ya dame shi, ya shiga gyara musu.

Bara na je na zauna na kalle su har kwana biyu, kuma abin da na gani ya sa na ji kunyar yawan shekarun da na yi ina ɗaukar kaina masanin wannan wasa. Ni na tashi da sanin cewa kokawa ƙarfi ce da zuciya da abin da aka ɗaura a damtse. Wanda ya fi ƙashi ya sungumi ɗan'uwansa ya maka shi da ƙasa, makaɗa su ɗauka, 'yan mata su yi guɗa, a watse. Shi kuwa wannan bawan Allah sai da ya shafe kusan rabin sa'a bai bar kowa ya kama kowa ba. Tsayuwa kawai yake gyarawa: ina ƙafar gaba take, ina ta baya, yaya gwiwa ta lanƙwasa, me ya sa ba a miƙar da ƙugu, me ya sa ba a kallon fuskar abokin karawa a bar ƙafafunsa. Daga nan ya koma kan wuya, ya sa su dafa goshi a yashi suna juyawa a hankali. Sai kuma abin da ban taɓa ganin wani ya koyar a ƙasarmu ba, wato yadda ake faɗuwa. Ya ce wanda bai iya faɗuwa ba shi ne ke tokare ƙasa da hannu a miƙe, kuma nan ne gwiwar hannu ke gocewa ko ƙashin kafaɗa ya karye.

Da aka tashi na ce masa, "Malam, ai mu a nan ba a koya wa namiji faɗuwa." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ɗiyan ga suna da ƙarhi, wallahi sun hi namu ƙashi. Amma minti ukku in an kai, lumfashinsu ya ƙare. Mu can agogo muke wa kokowa." Ya bayyana mini cewa a gasar da ake yi a wajensu alƙali yana riƙe da lokaci, wanda ya tsaya yana ja da baya ba ya kai hari a yi masa gargaɗi, gargaɗin kuma yana iya kayar da mutum ko bayansa bai taɓa ƙasa ba. Saboda haka dole ɗan wasa ya san yadda zai raba ƙarfinsa, ya yi gudun asuba, ya san abin da zai ci da wanda zai bari. Shi kansa, in ji shi, ya sha shiga wasannin share fage na jiharsu, bai taɓa samun shiga cikin goman da ake zaɓa ba. Wato wanda ya kasa samun gurbi a Dosso shi ne ya zama malami a Aliero. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana tazarar da ke tsakaninmu.

To me ya hana shi zuwa bana? Abin da ya faru shi ne, a ƙarshen kakar bara wani mai shirya wasanni ya kafa fili a ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku, ya kewaye da zana, ya sa kuɗin ƙofa, ya sa aka yi ta yekuwa da lasifika a kasuwanni cewa zaratan Nijar za su sauka. Ya ɗauko wannan Malam da wasu 'yan ƙasarsu biyu a kan wani adadi da suka yi magana da baki, ba rubutu ba shaida. Aka yi kwana uku ana cika fili. Ranar biya sai ya miƙa musu abin da bai kai rabi ba, ya ce ciniki bai yi ba. Da suka yi magana sai ya tambaye su ina takardunsu na shigowa, ya ce idan suna son a je gaban hukuma shi a shirye yake. Mutanen nan suka karɓi abin da aka ba su suka yi shiru. A wasan ne kuma aka haɗa wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ɗaya daga cikin baƙin, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, don kawai 'yan kallo su ga kaye mai ƙara. Yaron ya ƙare a hannun masu ɗori. Malam ya faɗa wa yaransa cewa ba kuɗin ne suka fi ci masa rai ba, ganin an kai yaro yanka da sunan Nijar ne, alhali shi ya yi shekara uku yana koya wa irinsu yadda za su tsira da ƙasusuwansu.

Kada wani ya ce labarin mutum ɗaya ne. Duk wanda ke bin filayen wasa daga Jega zuwa Maiyama ya san yadda muke amfani da 'yan kokawar Nijar. Muna ɗauko su ne su jawo mana 'yan kallo, su kayar da namu, mu biya su ko mu cuce su, su tafi. Wani lokacin ma gari kan ɗauko su a ɓoye ya sa musu sunan unguwa don a ci garin maƙwabta, abin da yara ke kira sojan haya. A duka biyun, ranar da baƙo ya hau mota babu abin da ya rage a garin sai labari.

Ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa suke kayar da mu, tunda jini ɗaya ne. Ba'are na Kangiwa da na Dogon Dutsi ba su bambanta da komai ba sai launin tutar da ke bakin hanya, haka Dandawan Kamba da na Gaya. Gero ɗaya muke ci, kirari ɗaya muke yi, kiɗan da ke tsuma su shi ke tsuma mu. Bambancin ya fara ne a 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, sa'ad da gwamnatin Nijar ta ɗauki wasan da ake yi a dandali bayan girbi ta mayar da shi gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe. Daga nan abin ya zauna da gindinsa. A yau jihohi takwas ne ke karawa, Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tilaberi da Damagaram, kowace da 'yan wasa goma, tamanin ke nan, kuma gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha. An gina filayen kokawa na dindindin a manyan garuruwan. Akwai masu horarwa, akwai alƙalan da aka koya wa aikin, akwai likita a bakin da'ira. Kafin a kai ga goman nan sai an tace daga ƙasa, mataki bayan mataki, sannan a killace waɗanda aka zaɓa a yi musu horo. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, ya tafi da miliyoyin sefa. Yaro a ƙauyen Nijar ya tashi yana jin sunayen Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Haruna da Badamasi, yana jin waƙoƙin Sagalo, ya san cewa akwai tsani, kuma ya san inda matakinsa na farko yake.

Wani abin lura gare mu mutanen Kabi shi ne, sarkin wannan zamani maƙwabcinmu ne na kusa. Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ɗan wasan jihar Dosso ne, jihar da muke iyaka da ita, kuma sau shida yana ɗaga takobin. Ko da Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a wasan ƙarshe a Dosso a watan Disambar 2024, samarin Jega a wayoyinsu suka kalla, suka kwana suna gardama a teburin mai shayi kamar a garinsu aka yi. Tambayi waɗannan samari sunan zakaran kokawar jihar Kabi, ka ga yadda za su dubi juna.

Mu me muke da shi? Muna da bikin Argungu, wanda aka faro a 1934, ana kuma yin kokawa da dambe a cikinsa, amma kowa ya san bikin ya taɓa yin kusan shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2020. Wasan da ake jira sai an yi biki ba zai haifar da ɗan wasa ba. Sauran kuwa sai wasannin kaka da na Sallah da waɗanda 'yan siyasa ke ɗaukar nauyi idan zaɓe ya ƙarato. An ƙirƙiro jihar nan a 1991, ban san wani yaro a Sabiyal ko Andarai ko Kimba da zai iya gaya maka hanyar da zai bi daga dandalin garinsu zuwa wakiltar Najeriya ba. A watan Maris na 2025 an yi gasar kokawar gargajiya ta ƙungiyar ECOWAS a Abuja, aka kara bisa ajin nauyi, kilo 66, 76, 86, 100 da 120, Senegal ta tafi da kofin ƙungiya. An yi ta ne babu Nijar, domin ta fice daga ƙungiyar tun ƙarshen Janairu. Ko a wannan ajin nauyin akwai darasi: a duniyar da ake son mu shiga, ba a haɗa yaro mai kilo sittin da ƙaton da ya haura ɗari. A filayenmu kuwa har yau ido ne ma'auni, idon ma na mai karɓar kuɗin ƙofa.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a fuska. Wani dattijo da nake girmamawa a Maiyama ya ce, "Ɗana, a wannan zamani na Lakurawa kake cewa a kawo baƙi daga ƙetaren iyaka a tara musu samari?" Ban raina wannan magana ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024 ba zai yi wasa da batun baƙon da ba a san asalinsa ba. Sai dai na ce masa, Baba, ai baƙin suna nan tuni. Suna cikin fadamun albasa, suna cikin kasuwar Jega, suna gini, suna ga-ruwa. An rufe iyaka a 2019 har zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ba su fasa zuwa ba, mu ma ba mu fasa zuwa ba. Wanda aka rubuta sunansa a littafin hakimi, aka san mai masaukinsa, aka san garinsu, aka san filin da yake tara yara da lokacin da yake tara su, ai ya fi sauƙin sa ido a kan wanda ke kwana a bukkar lambu ba wanda ya san da shi. Rashin takardar nan ma shi ne sandar da macuta ke dukan su da ita, kamar yadda aka yi wa Malam.

Wani kuma ya ce za su kawo mana tsafi. Wannan ta ba ni dariya, kamar layu da guraye da kambun da ke jikin 'yan wasanmu daga Makka aka yo odarsu. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya gane cewa gudun asuba ne ke riƙe masa numfashi yakan rage zarya gidan boka da kansa, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na 'yan wasanmu na gida, masu cewa idan aka buɗe ƙofa baƙi za su cinye ɗan abin da ake samu, su mamaye kowace gasa, ɗan gida ya koma ɗan kallo. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ba mu kaɗai muka taɓa jin sa ba. A Japan, inda kokawar sumo take kamar addini, 'yan Mongoliya sun shigo sun mamaye saman wasan, har ɗayansu, Hakuho, ya lashe manyan gasa 45, abin da babu wani Bajapane da ya taɓa yi. Masu wasan ba su kori baƙi ba, ba su kuma sake musu fili gaba ɗaya ba. Tun 2002 suka ƙayyade cewa kowane gidan horo baƙo ɗaya zai riƙa ɗauka, kuma dole ya zauna a gidan, ya ci abin da ake ci, ya yi atisaye da yaran gida kullum. Ta ɗaya ɓangaren kuma mu tuna da Daniel Igali, ɗan Bayelsa, wanda ya je gasar Commonwealth a Kanada a 1994 ya zauna, aka karɓe shi, ya yi karatu a Jami'ar Simon Fraser, ya ciyo wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya, kuma a zamaninsa ne Blessing Oborududu ta ciyo azurfa a Tokyo. Da mutanen Kanada sun yi masa irin tambayar da aka yi wa Malam ranar biya, da su da mu duk mun yi asara.

Saboda haka abin da nake nema ba babba ba ne, kuma ba Abuja nake roƙo ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama nake wa magana, domin garuruwan nan uku kusa suke da juna, duk a ƙarƙashin masarautar Gwandu, mutum zai iya karya kumallo a ɗaya ya yi Azahar a na biyu ya kwana a na uku. Su haɗa hannu su ɗauki tsofaffin 'yan kokawar Nijar ko da uku ne, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, na tsawon watannin rani, da yarjejeniya a rubuce da sa hannun hakimi da sanin jami'an shige da fice. A rubuta cewa aikinsu horarwa ne, ba za a saka su cikin gasar 'yan gida ba, sai dai wasan nuni da tsaransu. A haɗa kowannensu da tsohon ɗan wasa na gida wanda zai koyi aikin a hannunsa, don ranar da baƙon ya daina zuwa a sami mai riƙe yaran. A kuma yi lissafin ladansu da idon basira, domin tun da naira ta faɗi a 2023, abin da mutum zai karɓa a nan ya canza zuwa sefa ba ya kai masa ko'ina, shi ya sa ma 'yan cin rani da dama suka fara ja da baya. Kuɗin duka ba zai kai abin da ake kashewa a rumfuna da kujerun taron siyasa guda ɗaya ba. Filin ma ba siminti yake so ba. Tifa biyu ta yashi, buhunan da za a kewaye da'ira, sikeli irin wanda ke kowace rumfar hatsi, da agogo.

Aliero kuma tana da abubuwa biyu da ko Dosso za ta yi sha'awa. Tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, mai fili da asibiti da ɗaruruwan samari. Tana kuma da masu ɗorin da ake zuwa nema daga sassan ƙasar nan da ma ƙetare. Na daɗe ina mamakin yadda garin da ya fi kowa sanin yadda ƙashi ke karyewa bai taɓa zaunar da masu ɗorinsa da 'yan wasansa wuri ɗaya ba, a tambaye su wace irin karaya ce ta fi zo musu daga filin kokawa, a wane irin kaye, a kan yara masu wace shekara. Amsar da za su bayar ita ce za ta zama dokar farko ta fili. Na tabbata za su ce a daina haɗa yaro da babba, kuma a daina yin wasa a kan ƙasa mai tauri don kawai nan ne ya fi sauƙin kewayewa da zana.

Masu shirya wasa su ma sai an ɗaure su da sharaɗi. Kada hakimi ko ɗan sanda ya ba da izinin kafa fili sai an ajiye kuɗin 'yan wasa, baƙi da na gida, a hannun wani amintacce kafin a buga ganga ta farko. Wanda ya ce ba shi da abin ajiyewa, to ba shi da abin shirya wasa.

Na sa ɗan ƙanwata ya nemo mini lambar Malam, na kira shi ranar Alhamis. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi hannun wanda ya karye. Ya ce bana wajen Gaya zai nufa, an ce masa akwai aikin lambu a bakin kogi. Na ce idan aka samu takarda daga hakimi da abin da za a riƙa ba shi duk wata fa? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Alhaji, in takarda ta hito ku aiko min hotonta in gani." Yaran dai suna nan suna fita gudun asuba su kaɗai, babbansu yana riƙe musu lokaci da waya. Dashen albasa ya kusa, kuma ranar Litinin zan kai wa hakimin yankin wannan shafi da hannuna.